Bugun da Ba Ya Bin Layi

Likita ya ce ɗakunan sama biyu na zuciyata ba sa matsawa yadda ya kamata, karkarwa kawai suke yi. Shi ya sa idan na ɗora yatsu a wuyan hannu sai in ji bugun ya yi gudu, ya dakata, ya sake zabura. Faɗuwar gaban na saba da ita. Abin da ya fi damuna jinin da kan kwanta a lungun zuciya ya daskare, gudan ya wuce ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki ke nan. Masu wannan ciwo haɗarinsu ya kusa ninka na sauran mutane sau 5.

Don haka nake shan warfarin mai hana jini daskarewa kowace yamma, da bisoprolol mai rage gudun bugun. Warfarin akwai fitina: sai an riƙa gwajin jini na INR, a riƙe sakamakon tsakanin 2 da 3. Ba a hana ni kwaɗon zogale ko miyar alayyahu ba, amma bitamin K ɗin cikinsu yana rage wa maganin ƙarfi, saboda haka ba na cin tuli yau, gobe in ƙaurace. Jiƙe-jiƙen da 'yan uwa ke kawowa da zuciya ɗaya kuwa, nakan yi godiya in ajiye. Ciwon kai ma farasitamol nake nema, ba ibuprofen ba.