Jujin da, jujin yanzu: abin da tana ke haɗiya a gonakin Gubuchi

A da, a Gubuchi da sauran garuruwan ƙasar Maƙarfi, juji dukiya ne, kuma magidanci ba ya yarda a taɓa masa nasa. Duk abin da mata suka share daga tsakar gida can yake tafiya: toka, ƙaiƙayi, kashin awaki da na kaji, ɓawon gyaɗa, totuwar masara, tuƙar raken da yara suka sha suka zubar. Bazara na kamawa sai a ɗora wa jaki mangala, samari su yi ta jigila, a jera taki tsibi-tsibi a gona ana jiran ruwan shuka. Mai hali kuwa ya shirya da Fulani su sauka a gonarsa da shanu bayan girbi, ya sallame su da damin dawa. Ba wanda ke tsayawa tsintar wani abu a cikin takin, don babu abin tsinta. Tsohuwar ƙwarya, yagaggen faifai, tabarmar kaba, igiyar rama, duk ruɓewa suke yi kafin damina ta zagayo.

Ruɓewar nan ba da kanta take faruwa ba, akwai masu aikinta, kuma tana na cikin manyansu. Wanda ya taso a fadamun rake daga Maƙarfi zuwa Kudan da Hunƙuyi ya san yadda ake wayar gari bayan ruwan dare a tarar da kashin tana ya cika bakin kunya, ƙulle-ƙulle, da laushi, da danshi. Manomi ya sa fartanya ya ga tana ta fito tana mutsu-mutsu, sai ya ce ƙasar nan tana da rai. Yara kuma ribarsu daban: su cika gwangwani su tafi rafi da fatsa. Abin da manoma suka gane da ido shi ne abin da Charles Darwin ya rubuta littafi guda a kansa a 1881, shekara ɗaya kafin rasuwarsa. Tana na haɗiyar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, ta niƙa su a cikinta, ta fitar da su sun zama abincin shuka, ramukanta kuma su ba ruwa da iska hanya.

Takin zamani ya yawaita a ƙauyuka tun zamanin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976, amma bai kashe juji ba. Tsadarsa ma a shekarun nan ta sa mutane sun koma wa shara da gudu, har ana sayenta mota-mota daga manyan garuruwa, kamar yadda manoman kewayen Kano suka daɗe suna yi. Abin da ya sauya shi ne kayan cikin sharar. Baƙar leda ta kori kwando da lefe daga kasuwa, fiya wata ya shigo a shekarun 1990 ya rage wa randa daraja, sannan ledojin magi da omo da taliyar yara suka biyo baya.

Ka ɗebi tafi guda daga tsibin takin bana ka buɗa hannu. Ga toka da kashin akuya kamar yadda aka saba, amma ga zaren buhun taki da rana ta cinye yana warwarewa, ga gutsuren leda da ya koɗe har yana marmashewa tsakanin yatsu, ga murfin gorar maganin feshi. In ka tona kaɗan ba za ka rasa mataccen batirin tocila da ya kumbura ya fashe yana fitar da baƙin gari ba. Mahauta sun riga kowa ba da labari, don sun daɗe suna ciro dunƙulen leda daga tumbin tumaki. To wannan babbar leda ke nan, wadda ido ke gani. Wadda ta fi ɓarna ita ce wadda rana da garma suka farfasa ta koma ɓurɓushi. Masana na sa duk gutsuren da bai kai milimita 5 ba a wannan layi, kuma tun 2004 da Richard Thompson na Jami'ar Plymouth a Ingila ya ja hankalin duniya gare shi ake ta bincike, da farko a teku, daga baya a gona.

Leda ba ta ruɓewa, ƙanƙancewa kawai take yi. Idan ta tsufa ta yi kaushi, sai ƙwayoyin ƙarafa su riƙa manne mata: tutiya daga batirin tocila, dalma daga batirin mota da tsohon fenti, kadmiyam wanda wani lokaci yakan zo a cikin takin sufa. Ita kuwa tana ba ta tsinta, abin da ta tarar shi take haɗiya. A 2017 Mark Hodson da abokan aikinsa a Jami'ar York sun nuna cewa tutiyar da ta manne a ɓurɓushin leda ta fi saurin saki a irin ruwan cikin hanjin tana fiye da wadda ke manne da ƙasa, kodayake tanar da suka gwada ba ta mutu ba, ba ta kuma rame ba. A 2020 masu bincike a ƙasar Sin suka haɗa ɓurɓushin roba da kadmiyam a ƙasa ɗaya, suka tarar tana ta fi tara ƙarfen a jikinta, girmanta kuma ya ragu. Sakamakon gwaje-gwajen na bambanta bisa irin robar, irin ƙarfen da irin ƙasar, amma babu mai hankalin da zai karanta su ya ce leda a gona ba komai ba ce.

Binciken da ya fi taɓa mu shi ne na Esperanza Huerta Lwanga a 2017, a gidajen ƙauye na jihar Campeche ta Meziko, inda ake sakin kaji suna kiwo a bayan gida kamar namu, ake kuma ƙona shara a tsakar fili. A giram ɗaya na ƙasa ta samu ƙasa da gutsure ɗaya na roba. A kashin tana adadin ya kusa 15, a kashin kaji ya haura 100, har a ƙundu an samu. Ƙundu kuwa kowa ya san na maigida ne.

Mutanen Arewa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan dalma. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma. Can niƙan dutsen zinare ne ya jawo, kuma yawan gubar bai haɗa hanya da na juji ba, kada a tsorata kowa. Abin lura shi ne halin ƙarfen: in ya shiga ƙasa zama yake yi, kuma yara ya fi yi wa illa.

A nan ne nake ganin muna yaudarar kanmu da wuta. Manomi ya ga leda ta yi yawa a tsibi sai ya cinna mata ashana, ya ce ai ta koma toka. Ba ta koma ba. Wutar juji ba ta da zafin da zai cinye roba, narka ta take yi ta bar guntaye, hayaƙin ya shiga ƙirjin yara, ƙarfen batir kuma ya zauna a tokar da za a watsa a gindin tumatir da albasa.

Ruwanda ta hana leda a 2008, Jamhuriyar Nijar ta yi doka a 2014, Kenya a 2017. Amma duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ya san takardar doka ba ta tsince leda. Aikin a tsakar gida yake, tun kafin shara ta kai juji: kwando ɗaya na abin da ke ruɓewa, buhu ɗaya na leda da batir. Masu unguwanni da limamai na iya sa wannan ya zama al'ada cikin damina biyu. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru kuwa, wadda ke nan tun 1922, ba ta da nisa da Maƙarfi, kuma ƙungiyoyin manoman rake da na lambu suna da bakin da za su nemi a zo a ɗebi ƙasar fadamunsu a auna. Kafin nan, mai sayen shara a bana ya sa a tsince ta tun tana tsibi, ya raba batir daban, kada ya ƙona ledar, kada kuma ya bari garma ta binne ta.