Abin da Ka Sani da Wanda Ya San Ka

Kalmar "sani" a Hausa kaya biyu take ɗauke da su. Akan ce wane ya san lissafi, akan kuma ce wane ya san Alhaji. Daga tushe guda aka samo "masani" da "sanayya". Harshen bai ga dalilin raba su ba, amma kasuwa takan tilasta wa mutum ya auna su, kamar yadda ta tilasta wa wani saurayi ɗan Galmi da ke jihar Tawa a Nijar.

Galmi dai sunanta ya tafi duniya ne a kan albasa, jar albasar nan da ake lodawa zuwa Gana da Kodebuwa. Mahaifin saurayin ya yi shekaru yana fataucinta zuwa Ankara, wato babban birnin Gana kamar yadda Hausawan zango ke kiransa. Shi kuwa ɗan an tura shi boko, ya karanci sha'anin kasuwanci a Yamai, ya dawo gida ƴan watanni kafin rasuwar uban. Da aka share makoki ya buɗe akwatin marigayin yana neman takardun yarjejeniya da abokan ciniki. Bai tarar da ko ɗaya ba, sai wani ɗan littafi mai sunaye da lambobin waya.

Ya ɗauki wannan a matsayin sakaci. Ya zauna ya yi lissafi mai kyau: kuɗin buhu a lokacin kaka, wajen Maris da Afrilu, kuɗin mota, kuɗin kwastan, da la'adar da mai masauki ke yanka a Ankara. Wannan la'adar ce ta tsaya masa a rai. Me zai sa a biya mutumin da bai noma ba, bai yi dako ba? Sai ya kai lodinsa na farko kai tsaye ga wani mai saye da ya yi masa tayi mai tsoka. Mutumin ya karɓi kaya, ya biya kashi ɗaya cikin uku, ya ce a dawo bayan mako. Mako ya zama wata. Albasa ba ta jiran shari'a; da ya je ƙwato ragowar kayansa, rabi ya ruɓe.

A nan ne ya gane aikin mai masauki. Baƙon da ya zo daga nisan duniya da kayan da ke lalacewa dole ya sayar bashi, kuma ba shi da hanyar sanin wanda ke biya da wanda ke cinyewa. Mai masauki ya sani, domin ya shekara talatin yana kallon mutanen nan, ya halarci sunan ƴaƴansu, ya san wanda ya taɓa karyewa. Ya kuma tsaya a matsayin lamuni, wanda ya ci kuɗin baƙonsa ba zai sake samun kaya a wannan layin ba. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, ya nuna cewa attajiran can sun fi auna mutum da "arzikin mutane" a kan abin da ke aljihunsa. Wanda ya kira wannan son kai ko alfarma kawai bai duba da kyau ba. Ilimi ne shi ma, sai dai ba a rubuta shi, kuma ba ya shiga kai a shekara uku.

Saurayin ya nemi tsohon mai masaukin ubansa, kunya ta lulluɓe shi. Dattijon bai yi masa gori ba. Cewa ya yi, "Ɗana, da ka sauka gidan nan tun farko, da ko sisi ba ka rasa ba. Amma ba kai nake karɓa ba tukuna, mahaifinka nake karɓa. Naka sunan kai za ka gina shi."

Da labarin ya tsaya a nan, da sai a ce boko ya sha ƙasa. Sai shekarar 2022 ta zo, kuɗin Gana ya zube: dala ɗaya da take wajen sidi 6 a farkon shekara ta haura 13 a watan Nuwamba. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro. Fataken da suka sayar bashi da sidi suka jira makonni, suka wayi gari ribarsu ta narke kafin su canza kuɗin, ba tare da kowa ya cuce su ba. Amana ba ta da maganin wannan. Saurayin ne ya fara hango ramin. Ya ce wa dattijon, "Baba, a riƙa yanke ciniki da sefa, ko a gajarta kwanakin bashi." Shawarar daidai take, amma da daga bakinsa ta fita zuwa kasuwa, da dariya za a yi masa. Dattijon ya juya ta kwana biyu, sannan ya tara masu sayen da yake lamuncewa ya faɗa musu da bakinsa. Wasu suka yi gunaguni, suka amince.

Akwai abin da tsarin nan yake ci wanda ba a cika faɗa ba. Saurayin ya sami ƙofa ne don ubansa ya bar masa ita a buɗe. Abokan karatunsa da suka fi shi ƙwaƙwalwa, amma iyayensu ba fatake ba ne, har yanzu suna yawo da takardu. Babu mai ba su buhu goma bashi. Shi ma sanayyar ba kyauta yake riƙe da ita ba. Akwai ɗan ƙanen wane da dole a ɗauka aiki ko bai iya ba, akwai bashin da ba a tambaya saboda kara.

Yanzu littattafai biyu yake ajiyewa. Ɗaya a kwamfuta, mai farashi da canjin kuɗi. Ɗayan shi ne na marigayin, wanda ya ƙara wa sunaye goma sha. Duk ƙaramar salla yakan bi su ɗaya bayan ɗaya ya kira, ya yi barka da shan ruwa, ba tare da ya ambaci albasa ba.