Injin da ya sauko daga Sabha

Damagaram ba garin katako ba ne. Wanda ya zaga Birni da Zango ya ɗaga kai zai ga inda kakanninmu suka zuba gwanintarsu: a zanen da magina ke fitarwa a goshin zaure, da zanko a saman soro, sai kuma fata a hannun dukawa. Itace ɗan kaɗan ne, kuma kowanne da aikinsa. Azarar goruba ko ta giginya ta ɗauki rufi, masassaƙa su fafe turmi da akushi da kujerar mata da gizago, shi ke nan. Maƙeran Sarki Tanimun sun ƙera igwa a garin nan tun ƙarni na 19, amma katakon da za a yi gado ko kabad da shi har gobe daga kurmin kudu yake tasowa, ya kwana a ƴan katako na Na'ibawa a Kano, ya biyo ta Daura da Matamaye ko ta Magarya kafin ya iso mana. Falankin da ya sha irin wannan tafiya, ba ka so ka ga an ɓata maka bakinsa.

Ni malamin makaranta ne, Mushe ake ce mini, kafinta kuwa a hannun ƙanen mahaifiyata na koya, lokacin hutu ina yaro. Da na yi nawa gida sai na mai da zaure na biyu wurin aiki: benci, zarto, guduma, da ƴan kayan da na tara sannu a hankali. Ina iya yanka, ina iya haɗi, amma adon bakin katako, irin lanƙwasar nan da ake yi wa gefen tebur ko kan gado, da kwarmin da ake zura allon ƙofa a ciki, sai na ɗora katako a amalanke na kai wurin masu babban inji. Da mita ake biya. Yaron da ke kan injin sauri yake yi don layi na jiran sa, wani lokaci haƙorin ya dakushe ya ƙona maka jan katako baƙi ƙirin, ka dawo gida ka wuni kana guga. Abin da nake so shi ne rauta, ƙaramin injin nan mai juya haƙori, a kife shi a ƙarƙashin tebur haƙorin ya leƙo sama, kai kuma ka riƙa tura katako a kansa. Sabo ya fi ƙarfin albashina.

A ƙarshen 2018 aka yi bikin Zinder Sabuwa, na cikar jamhuriya shekara 60 ranar 18 ga Disamba. Kafintoci da masu walda sun samu aiki a watannin nan, kuɗi ya zaga, kowa ya riƙe kayan aikinsa gam. Da biki ya watse kasuwa ta yi sanyi, sai kaya suka fara fitowa. A cikin hunturun nan wani dillali da na daɗe da bar wa saƙo ya tare ni a bakin Kasuwar Dole ya ce, “Mushe, abin nan naka ya samu. Yana Sabon Gari, har da teburinsa.”

Ban je ni kaɗai ba, na biya na ɗauki Kawu. A lokacin ya bar aiki, ido ya yi rauni, amma kunne da hannu suna nan.

Mai injin magidanci ne da bai fi shekara arba'in ba. Ya yi zaman Libiya, yana aiki a shagon wani Balarabe a Sabha, har yaƙin 2011 ya tashi. Maigidan nasa ba shi da kuɗin da zai biya shi na watannin ƙarshe, sai ya ce ya zaɓi abin da zai iya ɗauka. Ya naɗe injin a bargo, ya cusa haƙora a gwangwanin madara, ya hau saman babbar mota cikin ɗaruruwan mutane, ta Dirku da Agadas har gida. Teburin a nan Damagaram aka yi shi: mai walda ya haɗa ƙafafu da ƙarfen kwana, shi kuma ya ɗora allo mai kauri ya lulluɓe da fomika. Yanzu ya sayi adaidaita bashi, yana neman cikon kuɗi. Ya ce aikin katako ya ja baya, mutane sun koma ƙofar ƙarfe da gadon amarya na allon garin katako da ake kawowa a haɗe.

Yana gama bayani ya miƙa hannu zai jona wuta, Kawu ya ce, “Tsaya tukuna, ɗana. In ya fara kuka ba za mu ji komai ba.”

Abin da Kawu ya yi a wurin nan, har yanzu shi nake yi duk lokacin da wani ya ce in raka shi sayen tsohon inji. Ya sa aka kwance injin daga ƙarƙashin tebur aka ɗora masa a cinya. Ya fara sansana ramukan iska. Ya ce in naɗin waya ya taɓa ƙonewa, warin ba ya fita ko an sake naɗi, kuma injin da aka sake wa naɗi a gari ba ya komawa ƙarfinsa na asali. Ya kama sandar da ke juyawa ya girgiza ta gefe da gefe, ya juya ta da yatsa yana kasa kunne. Ya ce boris na ƙasa ya fara gurnani, amma wannan ba ciwo ba ne, masu kayan babur da na injin ban-ruwa suna da irinsa muddin ka karanto lambar da ke jiki. Ya sa aka buɗe murafun gefe biyu aka zaro gawayin da ke shafar tagulla, ya ga saura fiye da rabi. Sai ya ce in karanta masa farantin da ke jiki. Na karanta: bolt 220, wat 1,800, juyi har 22,000 a minti ɗaya. Ya ce alhamdu lillahi, don akwai masu kwaso na Amurka mai bolt 110 don araha, su jona shi a wutarmu, kafin ƙiftawar ido ya tashi aiki. Kan wayar ma mai ƙafa biyu ne zagayayyu irin namu na Nijar, ba mai ƙafa uku irin na Najeriya ba.

Teburin ya fi ɗaukar masa lokaci. Ya aiki yaro ya samo guntun gilashin taga, ya kafa gefensa a kan fomika, ya sa na durƙusa na duba ko haske na ratsawa ta ƙasa. Yana ratsawa a tsakiya, ɗan siriri. Nauyin injin ne ya ja allon ya lotsa tsawon shekaru. Kawu ya ce tebur mai lotsawa ƙarya yake yi maka: katako gajere zai faɗa kwarin ya ci da yawa, dogo ya haye ya ci kaɗan, ka zo haɗa ƙofa baki ya ƙi haɗuwa kana zargin hannunka. Majinginar da katako ke bi kuwa, ita ce ta burge shi. Maɗaci ne busasshe, miƙe sambal, da maɗauri biyu masu kamawa da kyau.

Sai a sannan ya yarda aka kunna. Muka ja baya. Injin ya ɗauka da ƙara mai tsini, kajin gidan suka watse. Kawu ya aza tafin hannu a gefen tebur, ya ɗora ƙwandala a tsaye kusa da ramin haƙori yana kallon yadda take rawa. Da aka kashe ya saurari yadda ƙarar ke sauka har ta tsaya. Ya ce, “Lafiyayye ne. An wahalar da shi, amma ba a wulaƙanta shi ba.”

Ciniki ya fara daga jika ɗari biyu. Kawu ya taya tamanin, mai inji ya ce albarka. Aka yi ta ja, dillali na shiga tsakani yana rantsuwa ga kowane ɓangare, har aka zo wajen ɗari da ashirin. Nan mai inji ya ce ya sallama, amma ban da gwangwanin haƙora, wannan cinikinsa daban. Ni a raina na ce ba komai, haƙora ai suna nan jibge a Kano. Kawu ya miƙe ya gyara hula ya ce, “Mushe, tashi mu tafi. Ba gwangwani, ba ciniki.”

A soron gidan ya yi mini bayani ƙasa-ƙasa. Injin nan ƙirar Turai ne, mariƙin da ke damƙe ƙafar haƙori da milimita aka yi shi: 6, 8 da 12. Haƙoran da aka fi samu a Kano kuwa na awon Ingilishi ne, rubu'in inci da rabin inci, wato milimita 6.35 da 12.7. A ido ba ka raba su. Rabin inci ba zai shiga bakin 12 ba, wanda ya tilasta masa da guduma ya fasa mariƙin. In kuma aka juya, aka sa haƙori mai 12 a mariƙin rabin inci, zai shige lafiya, ka ɗaure ka ga kamar ya kama, sai ya yi zafi yana juyi dubu ashirin ya zame ya fito. Ya ce ya san kafintan da irin wannan haƙori ya huda wa rufin kwano ya wuce. Mu da ke zaune tsakanin awon Faransa da na Ingila, kilomita ɗari biyu da ƴan kai daga Kano, kullum cikin wannan muke, daga sifana har bututun ruwa.

Muka koma. Aka daidaita a jika ɗari da arba'in, har da gwangwani da mariƙai uku da sifanoni biyu na asali. Na biya dillali la'adarsa. Mai injin da kansa ya ɗauko mana shi a adaidaitarsa, ƙafafun tebur na leƙe ta baya, ya ƙi karɓar kuɗin mota.

Kafin in fere katako ko ɗaya sai da na yi gyara. Na ɗaura ƙarfe biyu a ƙarƙashin allo na janyo lotsawar ta miƙe. Na sake boris. Na kira mai gyaran wuta ya ja wa zaure layinsa daban da waya mai kauri, don wat 1,800 a bolt 220 ya haura amfa 8, siririyar wayar fitila ba za ta ɗauka ba. Na kuma fito da makunni gaban tebur inda gwiwa za ta iya kashe shi, maimakon laluben da ake yi a ƙarƙashi.

Ranar gwaji Kawu ya zauna a kujera ya ba ni dokokinsa, ba su da yawa. A tuɓe riga mai faɗin hannu. Katako daga dama yake tafiya zuwa hagu, yana karo da juyin haƙori; in ka bi da shi ta inda haƙorin ke juyawa, zai fizge shi ya tafi da yatsunka. Kada a ci zurfi a tashi ɗaya, a ɗaga haƙori kaɗan-kaɗan. Guntun katako da sanda ake tura shi. Ya ƙara da abin da ya shafi garinmu: injin da aka kife, garin katako a cikinsa yake zuba, ga kuma ƙurar hunturu, don haka a hure shi duk yamma a rufe da buhu. Aikina na farko kan gadon ƴar ƙanwata ne da za a kai ɗaki. Da na fito da falankin farko, bakinsa a lanƙwashe sumul ba tabon ƙuna, Kawu ya shafa da babban yatsa daga wannan kai zuwa wancan, bai ce komai ba, ya miƙo mini na biyu.

Maganar gwangwani ta tabbata da wuri. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Katako ya yi tsada, saƙon da ake ba direbobin Kano ya zama sai an yi sa'a. Haƙoran Sabha su suka riƙe ni duk tsawon lokacin, ina wanke musu ƙaro da kananzir ina wasa bayansu a hankali. Sai bayan an buɗe hanya na samu mariƙin rabin inci da ya dace da injin, na shafa masa jan fenti don kada ya gauraya da na 12.

Wuta ma ta gwada mu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar, kuma layin da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram daga Katsina yake tasowa. Unguwa-unguwa aka riƙa rabon ɗan abin da ke akwai. Na koma jera katako a shirye, an auna an yi alama, duk sa'ar da fitila ta kama in tashi in fere, in dai ba tsakar dare ba ne, don maƙwabta na da hakki. Ƙaramin janaretan gida ba ya iya tayar da shi. Sai a Maris na 2024 wutar ta dawo.

A cikin bazarar 2024 mai adaidaita ya yi sallama a ƙofar gidana da falankai huɗu na jan katako. Ya gama biyan bashin mota, yana so ya yi wa ɗakin mahaifiyarsa ƙofa da hannunsa. Na ce bismilla. Ya tuɓe riga, ya zazzage gwangwani ya zaɓi haƙori bai ko duba ba, ya durƙusa yana laluben makunni a ƙarƙashin tebur. Na nuna masa inda na mai da shi. Ya ce, “Mushe, ka lalata mini inji da boko.” Ya yi azahar da la'asar a wurinmu, ya fere sandunan ƙofarsa duka, ya share zaure, ya tafi da garin katakon a buhu don shimfiɗar kajinsa.