Dagin Damagaram ya shiga kwamfuta

Jama'a, duk wanda ya zo Damagaram cin kasuwar Dole, ya daure ya ƙarasa cikin Birni. Nan fadar Sarki take, wadda aka gina wajen shekarar 1850. Garin nan shi ne hedikwatar ƙasa har 1926, sannan aka mai da ita Yamai.

Amma abin kallo yana jikin bango. A Birni da unguwar Zango, ƙofar zauren masu hali cike take da zane, kuma babba a ciki shi ne dagi. Zare ne yake kewayawa. In ya hau bisa wani, gaba sai ya bi ta ƙarƙashi, haka har ya koma inda ya fito. Magini yana fitar da shi da hannu tun yaɓen laka yana ɗanye, a shafe da makuba don ruwan damina, wasu su bi da farar ƙasa da shuni. Dagin nan kuma shi ne a gaban babbar riga da kayan dukawa.

Yau samari masu shagon ɗab'i sun ɗauke shi. Da kwamfuta suke yi, ko babbar waya mai alƙalami, cikin manhaja irin su CorelDraw da Photoshop. Ga yadda aikin yake. Sai a shimfiɗa gidan dara a fuskar na'ura, a ɗiga alama. A ja zaren mai kauri a shafi guda, a ɗora wani shafin a bisansa. Inda zare biyu suka gamu, a goge wanda zai bi ta ƙasa, a sa masa ƴar inuwa. Kusurwa ɗaya kaɗai ake wahala da ita. Sauran ukun na'ura ce ke juyawa ta jera su.

To, na'ura ba ta san hawa da sauka ba. In ta juya zane irin na madubi, sai zare ya hau sau biyu a jere, dagi ya kwance. Yaro bai lura ba ya buga a katin biki. Tsohon magini kuwa daga nesa zai gani.

A ganina na bango ya fi daɗin ido, don hannu ba ya daidaita shi tsaf. Sai dai ruwa yana cin laka, siminti kuma yana shigowa. Wasu samarin kan ɗauki hoton tsohon bango, su bi sawun zanen a kwamfuta su adana.