Hayar ɗaki a Yelwa da hayar wuri a intanet: yadda na yi asarar aikin shekara guda

Rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Shekaranjiya bayan isha'i muna zaune wajen mai shayi a Yelwan Tudu, sai wani ƙaninmu ɗan aji biyu a ATBU ya miƙo min wayarsa. Ya ce, "Yaya, duba min wannan. Sun ce dala biyu da 'yan kai a wata, har da adireshi kyauta. In biya?" Yana son buɗe shafinsa na intanet ne ya riƙa zuba zanen gine-ginen da yake yi, ko Allah zai sa wani ya gani ya ba shi aiki. Wallahi ina ganin tallar sai da gabana ya faɗi, don irinta ce ta ja min asarar da har yau ban huce ba. Na ce masa ya aje wayar ya sha shayinsa tukuna. Abin da na gaya masa a daren shi zan maimaita a nan.

Duk wanda ya taɓa kama ɗaki a Yelwa ko Gwallameji ya riga ya san rabin karatun. Shafin intanet abu biyu yake buƙata. Akwai adireshi, wato sunan da mutane za su rubuta su same ka, shi ake kira domen. Akwai kuma wurin da kayanka za su zauna, wata kwamfuta ce ta wani kamfani da ba a kashe ta dare da rana, kai kuma kana biyan haya. Shi ne hostin. Abu biyu ne daban, kuɗinsu daban, ranar ƙarewarsu ma tana iya bambanta. Ni a lokacin ban san haka ba.

A 2022 ne, lokacin yajin aikin ASUU da ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas muna gida. Zaman ya ishe ni, sai na fara abu biyu. Na farko, na bi na gaba da mu ina karɓar tsofaffin tambayoyin jarrabawa na sashenmu, ina ɗaukar hotonsu ina jerawa kwas-kwas. Na biyu, kullum da yamma ina zama da kakana ina naɗar hirarsa. Yana saurayi ya yi leburanci a aikin layin dogo da ya taso daga Kuru ya iso Bauchi a 1961, kuma Allah ya ba shi baki. Sai in saurara in rubuta.

A watan Yuli na ce bari in haɗa su a wuri ɗaya. Wani na gaba da mu, wanda kowa ke kai wa kwamfuta gyara, ya ce in kawo kuɗi kawai zai yi min komai. Ya samo wani kamfani na ƙasar waje mai rangwame, ya biya da katin dalarsa, ya ɗora min WordPress, ya ba ni kalmar sirrin shiga in yi rubutu. Na yi ta godiya. Ban tambayi imel ɗin wa aka yi rajista da shi ba. Ban tambayi nawa za a biya baɗi ba.

Da aka dawo makaranta shafin ya karɓu. 'Yan ajinmu suna tura wa juna a WhatsApp, har 'yan Gubi suna shiga. Hirar Kaka kuwa kai tsaye nake buga ta a cikin shafin, in na gama sai in goge muryar daga waya don ta cika. Tunanina tunda abu ya hau intanet ai ya zauna kenan.

Yulin 2023, ana gab da jarrabawa, wata 'yar ajinmu ta tare ni a ƙofar laburare ta ce, "Malam, shafinka fa ba ya buɗewa." Na ɗauka matsalar sabis ce. Ashe haya ce ta ƙare. Kamfanin ya turo gargaɗi ya fi sau uku, amma duk imel ɗin mutumina suka tafi, shi kuma ya tafi bautar ƙasa ya canza layi. Da ƙyar na same shi bayan sati biyu. Ya duba ya ce kuɗin sabuntawa ya kusa ninka na farko sau uku, kuma adireshin nan na "kyauta" shekara ɗaya ce kyautarsa.

Ga shi a dala za a biya. A watan Yunin shekarar ne Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dala a hukumance ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 700. Katin bankina kuma ba ya biya a waje, kamar yadda bankuna da yawa suka dakatar a lokacin. Na shiga neman rance. Kafin kuɗin su haɗu wa'adin da kamfanin ke bayarwa ya wuce, an share komai.

Tambayoyin jarrabawa na sake tara mafi yawansu, don suna wayoyin mutane. Hirar Kaka ce ba ta dawo ba. Allah ya yi masa rasuwa a farkon shekarar, Allah ya jiƙansa. Rubutu goma sha ɗaya, guda biyu kawai na samu, su ma don wata gwaggona ta ɗauki hotonsu a wayarta. Ban ga laifin mutumina sosai ba, taimako ya yi niyya. Ni ne na kama ɗaki ban karɓi rasit da sunana ba.

Da na tashi buɗe wani a 2024, lokacin dala ta wuce naira 1,500, sai na yi irin tambayoyin da muke wa mai gida kafin mu biya kuɗin ɗaki.

Na farko, nawa ne baɗi? Farashin da ke rubuce da manyan baƙaƙe na sabon shiga ne, wani lokacin ma sai ka biya shekara uku ko huɗu a dunƙule kafin ka same shi. Nemi farashin sabuntawa, ka haɗa kuɗin shekara biyu, sannan ka kwatanta.

Na biyu, da wane kuɗi za a biya? In naira kake samu, nemi wanda zai karɓi naira ta katinka ko tiransifa. Amma kar ka ɗauka ka tsira gaba ɗaya, don kamfanonin gida da dama su ma hayar kwamfutocin suke yi a waje, in dala ta tashi za su ƙara. Bambancin shi ne kana iya biya da kanka, ba sai ka roƙi mai katin dala ba.

Na uku, sunan wa ke kan adireshin? Naka, da imel ɗin da kake buɗewa kullum. Ni .com.ng na ɗauka don ya fi .com sauƙi. Hukumar NiRA ce ke kula da duk adireshin da ya ƙare da .ng, kuma a shafinta akwai jerin kamfanonin da ta amince su yi rajista. Duba sunan kamfanin a can kafin ka tura kuɗi. In adireshin na hannunka, ko kun ɓata da mai hostin sai ka kwashe kayanka ka koma wani wuri, mutanenka ba za su ma san ka tashi ba.

Na huɗu, suna ɗaukar waya? Kafin in biya na tura wa kamfanoni uku tambaya ɗaya ranar Asabar da daddare. Ɗaya ya amsa cikin awa guda, ɗaya sai Litinin, ɗaya har yau shiru. Kun san wanda na zaɓa.

Sai alkawarin cewa shafi ba zai faɗi ba. In sun ce kashi 99 cikin ɗari, lissafa ka gani: kwana uku da rabi kenan a shekara shafinka yana iya zama a rufe. Kashi 99.9 kuma bai kai awa tara ba. Kwaɗon tsaro da ke fitowa a gefen adireshi kuwa, Let's Encrypt na bayar da shi kyauta, kar wani ya sayar maka da shi da tsada.

Na ƙarshe, wanda ya fi duka: ajiye kwafi a hannunka. Ko sun rantse suna ajiyewa, kai ma ka sauke naka duk wata. Ni yanzu a waya nake fara rubutu, in tura Google Drive, sannan ya hau shafi.

Da na gama, yaron ya ce, "To Yaya, ni da kuɗin abincina ma sai an yi lissafi fa?" Na ce to kar ka biya hayar komai yanzu. Blogger na Google kyauta ne, GitHub Pages ma haka, kuma duka biyun suna bari ka ɗora adireshinka a kai. Sayi adireshin kawai da sunanka, ka sa ranar ƙarewarsa a kalandar wayarka. In aiki ya fara shigowa sai ka kama wuri na kuɗi.

Jiya da safe ya turo min hoton rasit, sunansa ne a kai. Zanensa uku sun riga sun hau.

Wanda kuma yake da tsoho a gida mai labari, don Allah ka naɗa, ka ajiye a wuri biyu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu sa'ar jarrabawa.