Abuja, Birnin Zama: Hattara da Jijiyoyin Ƙafa

Abuja gari ne da aka tsara shi don mota. Ma'aikacin da ya baro Mararaba da asuba zai zauna a cunkoson Nyanya har AYA, ya wuni a kujerar ofis, ya sake zama a hanyar komawa. Na Kubwa da Lugbe ma haka. Ranar Juma'a kuma a nufi tashar Jabi ko Utako, a matsu a mota zuwa Kano, tafiyar fiye da kilomita 400.

Ƙafa ce ke biyan kuɗin wannan zama. Motsin naman sharaɓa ne ke tura jini sama zuwa zuciya. In babu motsi, jini kan kwanta har ya daskare a jijiyar ciki. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin kan ninka idan tafiya a zaune ta kai awa 4. Ya fi yawa ga masu ciki, masu jego, masu ƙiba da masu shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estirojin.

Ana gano gudan jinin da na'urar sikanin, irin wadda ake duba ciki da ita, a manyan asibitoci kamar Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Likita zai danna jijiyar: lafiyayya kan lotsa, mai gudan jini ba ta lotsawa.

Akwai kuma sabon salon da ake kira elastogirafi, mai auna taurin nama. An fi sanin sa wajen duba hanta. A jijiyoyin ƙafa har yanzu bincike ake yi. Hikimar ita ce, sabon gudan jini laushi gare shi kamar kindirmo, in ya kwana biyu sai ya yi tauri kamar awara. Sanin shekarunsa na iya taimaka wa likita wajen zaɓen magani, domin sabo ya fi saurin narkewa.

Don haka uwargida, in ƙafa ɗaya ta kumbura, da zafi da ciwo, kada a yi tausa, kada a kira wanzami ya yi ƙaho. Gudan na iya ɓallewa ya toshe huhu. A tafi asibiti a ranar. Maganin tsinka jini kuma ba na saye a kemis ba ne sai da takardar likita.

Matafiya kuwa, in direba ya tsaya, ku sauka ku taka, ku sha ruwa.