Baba da Manhajar Banki

A farkon shekarar 2023, bayan an canja fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka yi wuyar gani a hannu. Mahaifina hatsi yake sayarwa. Mai saye ya zo ya ce zai tura kuɗi ta waya, Baba ya ƙi, ciniki ya wuce rumfar maƙwabci. Kuɗin makarantata kuwa daga buhunan nan suke fitowa. Da na zo hutu sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kai ɗan boko, zo ka nuna mini."

Na yi zaton aikin minti biyar ne. Ashe ba haka ba. Manhajar bankinsa duk da Turanci take, rubutun ƙanana kamar ƙwayar gero. Abin da ya fi bukata, wato ganin ko kuɗi sun shigo, an ɓoye shi can ƙasa, an cika sama da tallar rance. Kafin ya lalubo tabarau ya karanta lambar da aka aiko masa, manhajar ta rufe, sai a sake daga farko. Sau uku muna yi. Ya ce, "Ni dai kaina ba ya ɗauka."

Maganar nan ta dame ni, domin mutumin nan yana lissafin buhu hamsin da ka. Kuma kullum yana aika saƙon murya a WhatsApp, ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Alama guda ce, ka danna ka riƙe, ka yi magana, ka saki. To, kan wa ke nan ba ya ɗauka?

Amma kada in ci amanar manhajar, tana da abin yabo guda. In ka rubuta lambar asusu, lambobin nan 10, sai sunan mai asusun ya fito kafin ka tura. Ran nan Baba ya kuskure lamba ɗaya, da sunan da yake jira bai fito ba ya tsaya ya gyara.

Tun daga lokacin, in abokaina suna yabon wata manhaja don kyan launinta, ni nakan jira hutu in miƙa wa Baba, in kame bakina, in ƙirga sau nawa zai ce, "Ina zan taɓa?" Ta bankin nan, a hutun da ya wuce, sau huɗu ya tambaya.